Maƙoƙo a ƙasarmu: daga gishirin ayari zuwa eko da siririyar allura



Yau tarihin maƙoƙo za mu taɓa. Ciwo ne da kowa ya sani da ido, amma ba a cika zama a yi maganarsa ba, don akasari a wuyan mata yake, kuma mai shi ta fi son ta ja gyale ta rufe. Duk wanda ya haura shekara 50 a ƙasar nan, in ka ce ya lissafo matan da ya tashi ya gani da kumburin wuya, ba zai rasa biyar ko goma ba. Wasu sun tsufa da abinsu lafiya lau. Wasu an kai su wajen wanzami ya yi tsaga ko sakiya, kumburin bai tafi ba, sai tabo da ya ƙaru. Wata kuwa nata ya zauna shiru shekara 20, rana ɗaya ya fara girma da sauri, murya ta dishe, numfashi ya gagara. A ido duka iri ɗaya ne. Abin da ya ɗauki likitocin duniya ɗaruruwan shekaru ke nan: yadda za a rarrabe kumburin da za a ƙyale da wanda dole a sa wa wuƙa, tun ba a yanka ba.

A gaban wuya, ƙasa kaɗan da zakaran wuya, akwai wani ɗan nama mai fuka-fuki biyu kamar malam-buɗe-littafi. Likitoci na ce mishi tiroyid. Nauyinsa wajen giram 20 ne, amma sinadarin da yake zubawa cikin jini shi ke daidaita ɗumin jiki, bugun zuciya, kuzari, da girman ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. Ba ya iya wannan aiki sai da iyod, abin da 'yan uwanmu na Najeriya ke cewa aidin. Kaɗan ake bukata ƙwarai: cokalin shayi guda ya ishi mutum tsawon rayuwarsa. To amma in babu, sai naman ya yi ta ƙoƙari yana kumbura don ya kamo ɗan abin da ya samu, da tafiyar shekaru kuma ya yi ƙullutu nan da can. Mace ta fi shan wahalar abin saboda kowane ciki da kowane goyo na ƙara mata bukata.

Iyod a teku ya fi yawa, mu kuwa tsakaninmu da teku ya fi kilomita 800. Gishirin da kakanninmu suka ci na ayari ne, kantu da beza na Bilma da Fashi, da na Tigidda, da na Fogha daga wajen Gaya. Gishiri ne mai albarka, shi ya riƙe kasuwanni da dabbobi, amma ba ya cike wannan giɓi. Ƙari a kan haka, binciken da aka yi a Darfur ta Sudan ya nuna hatsi na da wasu sinadarai da ke rage wa tiroyid ƙarfi in iyod ya yi ƙaranci, rogon da ba a jiƙa da kyau ba ma haka. Kar wani ya ce mun ce a bar fura, ba mu ce ba. Wanda ke samun isasshen iyod, hatsi ba ya yi mishi komi. Magana dai ita ce, abin da aka riƙa ɗora wa jifa ko maita ko ruwan rijiyar wane, asalinsa yunwa ce ta ɗan abin da ido ba ya gani.

Ba mu kaɗai ba ne. Cikin duwatsun Suwizaland akwai ƙauyukan da maƙoƙo ya zama kamar kowa da nasa. A 1811 wani Bafaranshe, Bernard Courtois, yana sarrafa tokar ciyawar teku don haɗa albarushi lokacin yaƙe-yaƙen Napoleon, sai ya ga wani hayaƙi mai launin shuni ya tashi: iyod ke nan. A 1820 likita Coindet na Janeba ya fara ba masu maƙoƙo shi, kumburin wasu ya saɓe. Sai da aka ƙara shekara ɗari kafin Suwizaland ta fara sa shi cikin gishiri a 1922, Amurka a 1924. Afirka ta Yamma kuwa sai bayan taron shugabannin duniya kan yara na 1990. Najeriya ta wajabta gishiri mai iyod a 1993. A Nijar, binciken da aka yi cikin 'yan lakwal a 1994 ya samu fiye da yaro ɗaya cikin uku da kumburin tiroyid, ko da na wasu sai an shafa ake ji. A 1995 gwamnati ta fitar da dokar gishiri mai iyod.

Ku yi lissafi da mu. Yarinyar da aka haifa a 1980 tana da shekara 15 lokacin da dokar ta fito, wata ma an riga an yi mata aure. Yau ta haura 40, uwa ce, wata kaka. Gishiri mai iyod na hana sabon maƙoƙo, amma ba ya narkar da ƙullutun da ya riga ya ƙulla shekara da shekaru. Shi ya sa har yanzu ake ganin abin a layin likita da ranar kasuwa. Tsohon bashi ne iyayenmu mata ke biya. Kuma shi kansa gishirin, in aka shanya shi a faranti cikin rana da ƙura wata da watanni, iyod ɗin na gudu ya bar shi.

Ɓangaren wuƙa shi ya fi ban tsoro a tarihin. Az-Zahrawi, babban likitan Andalus da ya rasu a 1013, ya yi bayanin kumburin wuya da aikinsa cikin littafinsa At-Tasrif. Duk da haka har tsakiyar ƙarni na 19, cikin mutum 10 da aka yi wa aikin maƙoƙo a Turai, wajen 4 mutuwa suke, saboda zubar jini da ruɓewar rauni. A 1850 majalisar likitocin Faransa ta hana aikin ma gaba ɗaya. Wanda ya juya al'amarin shi ne Theodor Kocher na birnin Ban a Suwizaland. Ya yi aikin sama da 5,000, yana ɗaure jijiyoyin jini ɗaya bayan ɗaya cikin natsuwa, har mace-macen suka koma ƙasa da 1 cikin 100. An ba shi kyautar Nobel a 1909. Amma shi ne kuma a 1883 ya bayyana abin da ya samu waɗanda ya cire wa tiroyid duka: sun kumbura, sun yi sanyi, hankali ya dushe, yaran cikinsu sun daina girma. Daga nan aka gane naman nan ba abin yarwa ba ne.

A nan yankinmu, aikin tiyata ya matso kusa tun da aka buɗe asibitin Galmi a 1950, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga mararrabar Tsarnawa. Ga kuma babbar likita ta Tawa, ga Maraɗi, ga Yamai, ga Sakkwato. Shekaru da yawa abin da likita ke da shi hannunsa ne da idonsa: ya tsaya bayan marar lafiya, ya ɗora yatsu a wuya, ya ce ta haɗiye miyau, ya ji ko abin na hawa da sauka, ko yana da tauri, ko ya manne. Hannun gwani na gane abu da yawa, amma ba ya ganin ciki. Sai bayan an cire an yanka ake sanin ko daji ne. A Amurka an ƙiyasta cewa kafin allura ta zama ruwan dare, cikin ƙullutu 100 da aka cire, 14 ne kawai ke zama daji. Sauran duk an yanka wuyan mutane a kan abin da ba zai kashe su ba.

Kuma yankan ba wasa ba ne ko a yau. Bayan tiroyid akwai jijiyar murya, in aka taɓa ta murya na iya dishewa har abada. Akwai wasu 'yan ƙwayoyi huɗu kamar ƙwayar shinkafa da ke riƙe sinadarin ƙashi cikin jini, in suka lalace hannu da baki su riƙa ɗaurewa. Wadda aka cire wa duka kuwa, ƙwayar levothyroxine ce kullum da safe har ƙarshen rayuwa. A Yamai wannan da sauƙi. Ga matar da ke ƙauye, farmasi na da nisa, kuɗin na hannun mai gida, mai gidan na Abijan ko Libiya, magana ce babba. Waɗanda suka ga yadda magani ya yi wuya lokacin da aka rufe iyaka a 2023 sun san abin da muke nufi.

To, allura. A 1930 wasu ma'aikata biyu na asibitin Memorial a New York, Martin da Ellis, suka wallafa yadda suke soka allura cikin ƙari su zuƙo ɗan abin ciki a duba. Allurarsu mai kauri ce, likitocin Amurka ba su karɓe ta ba, suna tsoron za ta baza cutar. Mutanen Suwidin ne suka raya dabarar. Daga 1952 Söderström ya fara amfani da siririyar allura a kan maƙoƙo, sannan Franzén da Zajicek da Löwhagen na asibitin Karolinska suka yi wa dubban mutane, suka koya wa duniya yadda ake karanta abin da ta fito da shi. Sai wajen 1980 Amurka ta dawo ta rungumi abin da ta yar. Yau a can, fiye da rabin ƙullutun da ake cirewa daji ne na gaske, ma'ana an daina yanka mutane barkatai.

Shi kuwa eko, matanmu sun san shi a awon ciki. Ian Donald, likitan mata a Gilasgo, ya ari na'urar da ake gano tsagewar ƙarfe da ita a masana'antu, ya gwada a jikin mutum, ya wallafa sakamakon a 1958. Na'urar na aika sautin da kunne ba ya ji, naman jiki ya mayar da amsa-kuwwa, ita kuma ta juya shi hoto, kusan yadda jemage ke gane hanya cikin duhu. Ba irin hasken rediyo ba ne, shi ya sa ko mai ciki ana yi mata. Likitocin Japan suka ɗora ta a wuya a 1967. Ƙarshen shekarun 1970 aka haɗa biyun: eko na nuna hanya, allura na bi.

Wannan haɗin ya fi yi mana amfani fiye da Turawa ma. Maƙoƙon ƙasarmu sau da yawa ba ƙullutu ɗaya ba ne, biyar ne ko goma cikin wuya guda, kuma ba lallai mafi girma ya zama mugun ba. In aka soka allura da lalube, ana iya ɗebo na lafiya a bar mai cutar yana gefe. Eko ke zaɓe. Jakar ruwa zalla, ko ƙullutu mai 'yan ramuka kamar soso, kusan kullum lafiya ne. Wanda ke tayar wa likita hankali shi ne mai duhu sosai, wanda bakinsa bai yi sumul ba, mai ɗigo-ɗigon fari kamar an barbaɗa yashi, ko wanda tsayuwarsa ta fi faɗinsa. Likita zai kuma duba gefen wuya ko akwai kaluluwa. Don kada kowa ya riƙa faɗin son ransa, tun 2009 aka fara tsarin ba ƙullutu daraja da ake kira TIRADS, Turai da Amurka suka fitar da nasu a 2017. In kun ga an rubuta wannan kalma da lamba a takardar eko, 2 na nufin a kwantar da hankali, 5 na nufin lallai a bincika. Mai lamba 5 akan soke shi in ya kai santimita 1. Mai ƙaramar lamba sai ya kai santimita 2 ko fiye, wani ma ba a taɓa shi sam.

Kafin allura akan ɗebi jini a yi awon da ake kira TSH. In ya nuna tiroyid na aiki fiye da kima, mai shi na ramewa, zuciya na bugawa, zufa, hannu na rawa, to hanya ta sake: akan tura ta wani hoto na daban, irin wanda ake yi a cibiyar IRI ta Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai. Ƙullutun da ke zuba sinadari da yawa da wuya ya zama daji, magani ko wani aikin yake bukata.

Ita allurar, ta fi wadda ake ɗibar jini da ita siranta. Mutum zai kwanta, a sa matashi ƙarƙashin kafaɗa, a ce kar ya haɗiye kar ya yi magana na ɗan lokaci, a soka sau biyu ko uku. Minti 15 zuwa 20 an gama, ba a sa barci, ba a kwana. Mun san maganar da ke yawo a zaure da gidan biki: "in ƙarfe ya taɓa shi, shi ke nan ya watsu." Tsoron da likitocin Amurka suka yi ke nan a 1930, kuma miliyoyin allurai da aka yi tun daga lokacin sun nuna da wuya ƙwarai hakan ta faru. Abin da ke sa a ga kamar ƙarfe ne ya tayar da ciwo, shi ne ana zuwa a makare, lokacin da ya riga ya bazu. Aska da sakiya kuwa ba su kai wa ga tiroyid ɗin ma, fata kawai suke ci, in kuma suka nitsa, wurin cike yake da manyan jijiyoyin jini.

Abin da allura ta zuƙo ana shafa shi a ɗan gilashi, a rina, a sa ƙarƙashin madubin likita. Tun bayan wani taro da aka yi a Bethesda ta Amurka a 2007, amsar na fitowa cikin aji 6. Aji na 2 shi ne lafiya, kuma shi ya fi yawa: haɗarin daji a cikinsa kaɗan ne ƙwarai. Aji na 6 daji ne kusan tabbas. Aji na 1 na nufin abin da aka ɗebo bai isa a karanta ba, sai a sake. Ba cuta aka yi muku ba, yana faruwa a ko'ina. Gaba ɗaya dai, cikin ƙullutu 100, tsakanin 5 zuwa 15 ne ke zama daji.

Akwai inda allura ke tsayawa, kuma ya shafe mu kai tsaye. Dajin tiroyid da ya fi yawa a duniya, wanda ake kira papiler, allura na gane shi da kyau, yana tafiya a hankali, akasarin masu shi na warkewa. Amma akwai na biyu, folikiler, wanda ya fi yawa a wuraren da aka daɗe babu iyod. Ƙwayoyinsa a gilashi kamar na lafiya suke. Ba a gane shi sai an cire ƙullutun an duba ko ya huda fatar da ta kewaye shi ko ya shiga jijiyar jini. Shi ya sa in amsa ta fito aji na 4, likita zai ce a cire rabin tiroyid ɗin a duba, ko da bai ce daji ne ba. Wannan iri ta jini yake bi, ya sauka a ƙashi ko huhu. Likitocin tiyata na Afirka ta Yamma sun sha ganin tsohuwa ta zo da kumburi a ƙoƙon kai ko ciwon baya, ashe tushen na cikin maƙoƙon da ta ɗauka shekara 30 ana cewa ba komi.

Wani zai ce to a bi gida-gida a yi wa kowa eko mana. Koriya ta Kudu ta gwada kusan haka. Da eko ya yi araha aka riƙa ɗora wa masu lafiya a wuya, daga 1993 zuwa 2011 yawan waɗanda aka ce suna da dajin tiroyid ya ninka sau 15, aka yi wa dubbai aiki, amma yawan masu mutuwa da shi bai motsa ba. Dalili kuwa, in ka sa eko a wuyan manya, kusan rabinsu za ka samu ɗan ƙullutu, mafi yawa ba za su taɓa damun mai su ba. A ganinmu darasin Koriya na masu kilinik ne da ke sayen na'ura: ba kowane ɗigo ake tsorata mutum da shi ba. Mu talakawa tamu matsalar ta jinkiri ce. Kumburin da ya fara girma da sauri, ko ya yi tauri kamar dutse, ko murya ta dishe fiye da sati uku ba mura, ko abinci na maƙalewa, ko ba a iya kwanciya rigingine don numfashi, ko kaluluwa ta fito a gefe, wannan ba na jiran kaka ba ne balle a sayar da albasa. Haka in ƙullutu ya fito wa yaro, ko namiji, ko tsoho.

Na'urar eko yanzu ta yawaita, har akwai wadda ake haɗawa da salula. Allura da gilashi ba su da tsada. Inda gizo ke saƙa shi ne idon da zai karanta gilashin. Likitocin wannan fanni 'yan kaɗan ne a ƙasar nan, akasarinsu a Yamai, kilomita 400 da 'yan kai daga Ƙonni. Na kusa da mu su ne na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, sai dai akwai iyaka a tsakani, da canjin kuɗi, da takardar da ke fitowa da Ingilishi a kawo wa likitan da ya yi karatu da Faransanci. Abin lura shi ne gilashin da aka shafa aka busar ba ya lalacewa da wuri, yana iya shiga mota ya yi tafiyar da marar lafiya ba za ta iya ba. In da za a horar da masu eko na Ƙonni da Tawa da Galmi a kan wuya kamar yadda suka ƙware a kan ciki, a tsara ranar ɗibar samfur da hanyar aikawa da dawo da amsa, da mata da yawa sun huta da kwana a tashar Yamai. Wannan roƙo ne ga hukumomin lafiya na jiha da 'yan majalisarmu da ƙungiyoyin 'yan asalin yankin da ke waje.

Wadda amsarta ta fito lafiya akan ce ta dawo bayan shekara ɗaya ko biyu a sake eko. A ranar likita zai gwada sabon awo da tsoho, milimita da milimita, ya ga ko abin ya ƙaru. Don haka takardar farko kar a naɗe ƙosai da ita. A sa ta cikin leda tare da katin likita, a kuma ɗauki hotonta a salular wani na gida.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.